Baba Mai Buta, Mai Nuna wa Ruwa Hanya

Kafin rana ta haura katangar makarantar da ke ƙarshen layinmu, Baba Mai Buta ya riga ya fito. Yana jawo kujerarsa ta roba zuwa ƙofar gida, ya zauna, ya miƙe ƙafar dama wadda gwiwarta ta daɗe tana masa gardama, sai ya ɗaga kai sama. Sauran jama'a in sun fito da safe fuskar juna suke dubawa. Shi kuwa sai ya gama gaisawa da rufin gidanka kafin idonsa ya sauko kanka. Ka ce masa, "Baba, ina kwana?" ya ce, "Lafiya lau, ɗana. Ganye ya taru maka ta wajen kicin." Kai kana tunanin tsakar gida yake nufi, ashe indararo ne, can sama, inda kai mai gidan rabonka da dubawa tun ranar da aka kafa shi.

A shekarun da ƙafa take jin magana, yana gama shan shayi yake ɗaure tsani a jikin keke, ya rataya buhunsa mai guduma da ƙusoshi da zare da wani siririn tiyo da ake hango ruwa ta cikinsa, sannan ya ɗaura buta a gaba. Butar nan ce ta ba shi suna. Baƙo zai ɗauka ta alwala ce, alhali ta aiki ce. Sana'arsa kafa indararo a bakin rufin kwano, dogon kwamin nan da ke tare ruwan sama ya kai shi tanki ko duro, maimakon ya zube a ƙasa ya zama taɓo. Ba shi da shago, ba shi da allo mai sunansa. A kan wannan aiki ya yi aure, a kansa ya aurar, a kansa gashinsa ya yi fari tas.

Masu buga indararo suna da yawa, kuma ba na raina kowa. Abin da ya fitar da Baba daban shi ne gangare. Kusan kowa a unguwarmu ya taɓa jin bayaninsa, domin ko ba ka tambaya ba zai yi maka.

"Ruwan nan in ka shimfiɗa masa wuri a miƙe, zama zai yi ya ƙi tafiya," in ji shi. "Ya tara maka sauro, ya tara ganye, tsatsa ta cinye kwanon. In kuma ka karkata da yawa, ya zo a guje ya wuce bakin bututu, can ƙarshe kuma indararon ya yi ƙasa da bakin rufi har ruwan ya riƙa tsallake shi ta sama. Ni so nake ya yi tafiyar dattijo mai zuwa gaisuwa. Ba ya gudu, ba ya tsayawa hira."

Ma'auninsa saukar kaurin yatsa ɗaya ne a duk tsawon gaba biyu. Amma bai taɓa yarda da ma'auni shi kaɗai ba. In ya gama bugawa, sai ya hau can ƙarshen da ya fi nisa da tanki, ya tsiyaya ruwan butarsa, ya saki ɗan busasshen ganye a kai, ya zuba masa ido. In ganyen ya isa bakin bututu ba tare da ya huta a hanya ba, aiki ya yi. In ya huta, to Baba ma ba zai huta ba.

Inna mai kaji, wadda ke bayan masallaci, har yau tana ba da labarin ranar da ya yi mata nata. Ta ce tun hantsi yake hawa yana sauka, ya kwance ƙugiya ɗaya daga cikin ƙarfunan da ke tallafe indararon, ya ɗaga ta kaɗan, ya sake zuba ruwa, har tausayinsa ya kama ta.

"Malam, ai ya isa haka. Ga ruwan can yana tafiya."

"Yana tafiya, Inna, amma yana waiwaye."

Ta ce ita dai ba ta ga waiwayen ba. Abin da ta gani shi ne duronta da bai taɓa wuce rabi ba ya cika har ya tumbatsa, kuma sauron da ke hana jikokinta barci ya ragu. Mai wanki na bakin kasuwa shi ma yana da nasa. Tun da Baba ya juya masa ruwan rumfarsa zuwa tanki, ya ce sabulunsa ya daina ƙarewa da wuri, don ruwan sama ya fi na rijiya kumfa. Daga ranar bai sake barin wani ya wanke wa Baba riga ba. Da ƙafarsa yake zuwa ya karɓa, ya dawo da ita a goge, har Baba yana ƙorafin wai an mai da shi ango da tsufansa.

A ƙarshen daminar bara ƙafarsa ta zame a kan tsani. Allah ya tsare, mataki na ƙasa ne, gurɗewa kawai ya yi. Amma babbar 'yarsa, wadda muke kira Nas saboda aikinta a asibiti, ba ta tsaya shawara da kowa ba. Ta sa aka ɗauke tsanin aka kai gidan mijinta, ta ɗaure shi da sarƙa a jikin bishiya.

"Tsanin me ya yi miki?" in ji Baba.

"Shi bai yi min komai ba. Mai shi ne ba ya jin magana."

"Haka uwarki take cewa."

"To ka ga mun zama biyu."

Ta haka Baba Mai Buta ya yi ritaya. Ba taro, ba jawabi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake rubutu ba sana'ata ba ce, don aikinsa na ƙarshe a gidana ya yi shi, kuma ya yi shi ne ƙafarsa ba ta bar ƙasa ba.

Ni a gidan burodi nake aiki, tun asuba nake fita. 'Ya'yana mata biyu ne, babbar da muke kira Yaya, da Auta. Famfon da muke ɗiba yana tsallaken babban titi, kuma da safe kawai yake kawo ruwa, daidai lokacin da nake bakin tanda. Uwarsu tana fama da ciwon baya, ba ta iya ɗaukar jarka. Don haka su biyun nan ne suke tsallaka titin kullum kafin su tafi makaranta, jarka a ka, manyan motoci suna wucewa kamar an koro su. Yaya tana da natsuwa. Auta kuwa ko a tsakar gida ba ta san tafiya ba sai gudu. Duk wanda ya shigo sayen burodi daga wajen titin sai na tambaye shi, "Lafiya dai can?" har abokan aikina suka laƙaba min Lafiya-Dai-Can. Suna dariya, ina taya su, amma cikina ba ya dariya.

Da Allah ya hore, na sayi babban tanki. Ƙanin matata, Kawun yara, mai walda ne kuma mutumin kirki. Ya ɗauki ranar hutunsa guda ya zo ya buga mana indararo, ya yi kyau ƙwarai, har maƙwabta suna yabawa. Sai aka yi wani ɗan yayyafi na gaban damina. Na fito da murnata na kara kunne a jikin tanki, shiru. Na zagaya ɗaya ɓangaren, sai ga ruwan yana zuba a kan igiyar shanya, can inda ba bututu ba komai. Uwar yara ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Baban yara, kai da Kawu kun yi wa zannuwana famfo, mun gode."

Washegari da yamma na tafi wurin Baba. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Da na zo kan maganar Auta da titi, sai na ga ya daina kallon rufin maƙwabcinsa ya dube ni sosai.

"Ka je ka roƙi Nas ta ba mu aron tsani," ya ce. "Ka ce mata kai za ka hau."

"Ni, Baba? Ni ko kan kujera na hau canza ƙwan fitila sai jiri ya ɗebe ni."

"Titi ko tsani, wanne ya fi ba ka tsoro?"

Na kama hanyar gidan Nas. Ta ba da tsanin, amma da sharaɗi: ita ma za ta zo. Ranar aikin ta iso da kujerarta, ta ajiye a gefen ta ubanta, ta kama gefen rigarsa ta naɗe a hannu kamar mai riƙon ɗan akuya. Kawu ya zo da nasa tsanin, fuskarsa ba walwala, don ba daɗi a ce za a kwance aikinka a gaban yayarka.

"Baba, wallahi na ba shi gangare," ya ce. "Da awo na yi, ba da ka ba."

"Na gani, aikinka tsaf ne. Daga ina ka auna?"

"Daga bakin kwano."

"To ka tambayi gidan ko shi a tsaye yake?"

Baba ya sa aka cika siririn tiyon nan da ruwa. Ya ba Kawu baki ɗaya ya tsaya a kusurwar tanki, ni na riƙe ɗayan a kusurwar shanya, muka ɗaga su a jikin bango daidai ƙirji. Ya ce ruwa a cikin tiyo duk inda bakinsa biyu suke, a tsayi ɗaya yake tsayawa, don haka kowa ya ja layi da gawayi inda nasa ruwan ya tsaya. Sannan ya sa aka ɗora doguwar gora daga kowane layi zuwa bakin rufi. Nan abin ya fito fili. Ɓangaren shanya ya fi na tanki ƙasa da kusan faɗin tafin hannu. Ashe gidan ne ya ɗan zauna ta can tun shekarun baya, ba wanda ya lura, rufin kuma ya bi shi. Kawu ya ba da gangarensa daidai, gidan ya cinye shi har ya nemi ƙari.

Kawu ya dubi gorar, ya dubi yayarsa. "Kin ji ko? Ba ni ba ne, gidan mijinki ne ya karkace."

"Ai na daɗe ina faɗa, ba a yarda ba," in ji ta. Har Nas sai da ta saki rigar Baba don dariya, ta yi sauri ta sake kamawa.

Daga nan aka hau aiki. Aka kwance indararon duka. Baba yana zaune yana ba da umarni: ƙusa ɗaya a can sama ta wajen shanya, ɗaya ta wajen tanki a ƙasa da ita gwargwadon lissafin yatsunsa, a ja zare tsakaninsu ya yi tsam, kowace ƙugiya ta bi zaren, kada wanda ya sake kallon bakin kwano. Kawu yana hawa yana sauka kamar a gadonsa. Ni kuwa kowane mataki sai na karanta abin da na sani. Uwar yara ce ta riƙe min tsani, ba ta kuma bar bakinta ya huta ba.

"Riƙe da kyau, don Allah," na ce mata.

"Na riƙe. Tsanin ba ya rawa, ƙafarka ce."

Da aka gama ɗaurawa, daga ƙasa indararon ya yi kamar an buga shi a karkace, don ya rabu da layin rufin. Raina bai so ba. Baba ya lura da fuskata ya ce in bar idona ya yi ta ƙorafi, ba shi za a sha ba. Sai ya miƙo min butarsa da ɗan ganye. Ban taɓa ganin ya ba wani butar nan ba. Na hau, na tsiyaya, na saki ganyen.

"Yana tafiya?"

"Yana tafiya, Baba."

"Buɗe idonka tukuna, sannan ka ba ni labari."

Gaskiyarsa, a rufe suke. Kafin in buɗe, ya miƙe da sandarsa, Nas tana biye da shi riƙe da riga, yana tafiya a ƙarƙashin indararon ya karkata kai yana sauraren ruwan a jikin kwano. Wajen tsakiya ya tsaya cak, ya ɗaga sanda ya nuna wata ƙugiya.

"Nan ya zauna shan iska. Kawu, ɗaga wannan kaɗan. Kaɗan na ce, kamar kaurin farce."

Aka ɗaga, aka sake zubawa. A wannan karon idona biyu, na ga ganyen da kaina yana tafiya a natse, bai tsaya ko'ina ba, har ya je ya kwanta a kan ragar da ke bakin bututu. Na juyo in faɗa masa, na tarar ya riga ya koma kujerarsa yana neman shayi.

Kafin ya tafi ya bar mana umarni ɗaya da ya fi hawan tsani wuya a wurina. Ya ce ruwan farko ba namu ba ne, na wankin rufi ne, ƙurar rani da kashin tsuntsaye duk a cikinsa suke, a karkatar da bututu a bar shi ya zube. Ruwan farko kuwa ya zo da ƙarfinsa. Ina tsaye ina kallon abin da zai cika rabin tanki yana bin ƙasa, na san gobe 'yan matan za su sake ɗaukar jarka. Sau biyu hannuna yana kai wa bututun. Uwar yara ta ce in na taɓa shi za ta aika a gaya wa Baba, kuma ta san na fi jin tsoronsa a kan ita. Na haƙura. Da safe suka tsallaka, suka dawo lafiya, ni dai ban san irin burodin da na gasa ranar ba.

Ruwa na biyu ya sauko da la'asar, ina gida. Na mai da bututun bakin tanki. Da fari ƙarar ta yi kamar ana kaɗa ganga a cikin ɗaki, sannan ta riƙa yin nauyi tana yin ƙasa, alamar ruwa yana hawa. Yaya da Auta suka manna kunnuwansu a jikin tankin, kowace tana cewa ita ta fara ji. Igiyar shanya ko ɗigo ba ya sauka a kanta sai na sama. Ina cikin wannan sai na hangi lema tana tahowa a hankali daga bakin layi, wata lemar tana biye da ita da faɗa. Baba ne da Nas. A nan na ji daga bakinta cewa haka yake yi tun tana yarinya: duk indararon da ya buga, sai ya je ya gan shi a cikin ruwan gaske, ko da a wace unguwa yake.

Bai shigo ba. Ya tsaya a ƙofar gida, ruwa yana dukan ƙafar wandonsa, ya bi indararon da ido daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Sannan ya gyaɗa kai.

"Dattijo ya iso," ya ce. "Nas, mu je, kin sa na jiƙe."

Baba, yanzu da kai nake. Kai ne ka yi shekara da shekaru a saman rufin mutane, rana tana gasa ka ta sama kwano yana gasa ka ta ƙasa, kana gyara abin da in ya yi daidai ba wanda zai sake tunawa da shi. Kai ne ka kwance aikin Kawu ba tare da ka kwance masa fuska ba, har ga shi yanzu yana yawo da tiyo a jakarsa yana cewa kai ka koya masa. Kai ne ka hau da ni tsani, abin da matata ta kasa tun aurenmu. Gwanin gangare, mai nuna wa ruwa hanya. Mun sha daga hannunka ba mu sani ba, yau mun sani.

Na san rani zai dawo, na san ruwan tanki yana da iyaka. Ina lissafin ƙara na biyu, kuma ka riga ka nuna min inda zai zauna. Wannan damuwar gobe ce, kuma ni ba a raba ni da damuwa. Ta yau dai ka ɗauke min.

Ku kuma matasa masu sana'ar hannu, kafinta da mai walda da magini, ku je ku same shi tun yana da bakin faɗa. An ɗaure masa tsani, ba a ɗaure abin da ke kansa ba, kuma ba ya rowarsa. Ko ba indararo kuke bugawa ba, ku ɗauki wannan daga wurinsa: kada ku auna daga abin da ba ku tabbatar yana tsaye ba, kuma in kun gama aiki ku koma ku gan shi ranar da ake bukatarsa. Sauran mu masu gidaje, in kun gamu da irinsu a layinku, ku gode musu suna ji.

Auta ta ba ni saƙo in isar maka, Baba. Ta ce a da in ta makara sai ta ce wa malama layin famfo ne, yanzu ka raba ta da hujjarta, kuma ba ta yafe ba tukuna. Ni kuwa ubanta, yau da safe ina bakin tanda wata babbar mota ta taka birki a titi da ƙara har gilashin taga ya girgiza. Abokan aikina duk suka juyo suna kallona. Na ci gaba da jera burodina, don na san inda 'ya'yana suke. Allah ya saka maka da alheri, Baba, ya ba gwiwar nan lafiya.